Gwajin Kashin Limbikani

Gomani Chisale ya jefar da kekensa a ƙofar ɗakin shan magani, ya kutsa ciki ko gaisuwa babu. Matarsa Nangozo na biye da shi, goye da ɗansu Limbikani, tana ba matan da ke kan layi haƙuri.

Tun farko bai so wannan gwaji ba. Da ma'aikatan lafiya suka zagaya ƙauyen suna raba ƙananan kwalabe, suna neman kashin yara don su duba wani sinadari da hanji kan fitar idan ya kumbura, Gomani ya rantse ba wanda zai tafi birni da kashin ɗansa. Wa ya san abin da za su haɗa da shi? Nangozo ta yi ta kuka har ya karɓi kwalbar, ya ce da hannunsa zai kai.

Yanzu ga sakamako ya dawo.

"Baba, zauna," in ji Malama Chikaonda, nas ɗin wurin. "Kumburin ya yi yawa. Har da jini. Ban taɓa ganin haka a cikin ƙaramin yaro ba."

"Ƙarya ne!" Ya daki tebur. "Dubi kumatunsa! Yaron da ke cinye tuwon masararsa ya haɗa da nawa?"

"Na'ura ba ta san kumatu ba."

"To na'urarku mahaukaciya ce, ku ma haka!"

Ya ja wandonsa da ke zamewa, gumi na keto masa. Ya zagi na'urar, ya zagi birni, ya zagi wanda ya kawo kwalaben. Nangozo ta sauko da ɗanta ta rungume shi.

Malama ba ta ɗaga murya ba. "Gobe motar babban asibiti za ta zo. Mai irin wannan ciki, in aka yi jinkiri, ba lallai ya ga girbi ba."

Gomani ya zauna. Can ya ce, "In an je da wuri fa, ana warkewa?"

"Sau da yawa."

Ya fita ya ɗaga kekensa, amma ya kasa hawa. Ya jingina da bango, ya dafe cikinsa da hannu biyu. Shi kaɗai ya san lafiyar Limbikani ƙalau: ranar da aka kai kwalbar, don ya kare ɗansa, nasa kashin ya zuba a ciki, ba na yaron ba.