Direban da Ya Yi Ta Sauya Fitila

Tun da ka ce komai ya yi maka duhu har kana tunanin sake barin gari, zauna in ba ka misalin wani direba da na sani a Azare. Shekara talatin da wani abu yana jan mota, yana kai 'yan kasuwa kasuwannin ƙauye da wata tsohuwar motarsa mai ruwan toka. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a wani ƙauye can bayan Shira. Da ta haihu aka sa wa jaririyar sunan mahaifiyarsa da ta rasu, shi ya sa tun ranar suna bai taɓa kiran yarinyar da komai ba sai Inna. Ba ya tashi daga aiki sai dab da magariba, don haka duk Juma'a in ya yi sallar magariba sai ya sayi lemo da tsire ya kama hanya, ya kwana can, ya ɗora Inna a cinya har ta yi barci. Ana nan sai ya lura hanyar ta fara yi masa duhu. Hasken fitilar gaba ya koma ja-ja kamar na aci-balbal da mai ya kusa ƙarewa, ramin da ya saba kauce wa daga nesa sai ya faɗa ciki yake ganinsa. Ya ce gilashin ne ya dushe, ya samu man goge baki da tsumma ya dirje shi har ya yi ƙyalli. Bai ga canji ba. Ya je wurin mai kayan gyaran mota ya baje ƙwayayen fitila a kan kanta, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, ya zaɓi masu ƙarfi aka ɗaura masa. Bayan wata guda ya koma ya karɓi fararen nan masu kashe ido, daga baya ya ƙara wasu ƙanana biyu a ƙasan bamba. Direbobin da ke tahowa suka riƙa danna masa oda suna zaginsa, shi kuwa in fitilarsu ta doke shi sai ya ga kowace ta zama kamar wata ya yi lema, titin ya ɓace masa ɗungum.

Wata Juma'a saura ƙiris ya take wani mai keke da ya ɗauko damin kara. Ya tsaya gefen hanya, ya juya gida da lemonsa da tsirensa. Daga ranar bai sake zuwa ba. Kullum 'yar ta kira sai ya ce mata yana jiran wata fitila da ya aika a sayo masa daga Kano. Ita kuma takan turo masa muryar yarinyar a waya: yau ta yi haƙori, yau ta fara rarrafe, yau ta dafa bango ta miƙe. Yakan shiga motar a ƙofar gida, ya rufe ƙofa, ya yi ta maimaita gwalantun nan har a kira isha'i. Da fitilar Kano ta iso, ya kai ta gareji, mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya ɗaura ta ya kunna a jikin katanga, mutanen da ke gareji duk suka kare fuska da hannu. Shi kuwa ya duba, ya duba, ya ce har yanzu da saura. Mai wayarin ya kashe fitilar, ya matso kusa da shi don kada wasu su ji, ya ce, "Baba, wannan ko allura ce ta faɗi a titi za ta nuna maka ita. Don Allah ka je a duba idanunka." Ya ji haushin maganar, ya yi kwana uku yana cewa yaran zamani ba su san aiki ba. Matarsa ce ta matsa masa har ya je asibitin ido, likita ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, kuma ta daɗe tana tafiya a hankali. Aka yi masa aiki a ɗaya, bayan wata biyu aka yi a ɗayan. Ranar da ya isa ƙauyen, Inna na gudu a tsakar gida da ƙafafunta. Ya durƙusa ya miƙa mata hannu biyu, ta tsaya ta kalle shi kamar baƙo, ta ruga ta ɓuya bayan zanen uwarta. Ya zauna a tabarma yana murmushi, hawaye na bin gemunsa. Rarrafen da ya so gani ya wuce, babu kuma kasuwar da ake sayar da shi.

To kai ma, kafin ka sake naɗe kaya, tsaya ka binciki inda duhun yake. Magabata sun riga sun faɗa: rashin sani ya fi dare duhu.