Telan Hawa na Saba'in

Allura ta sake nutsewa a yatsan Baba Tela, bai ko duba wurin ba. Abin da ke cin sa ya wuce allura.

Shekara da shekaru yana zaune cikin ɗakin gilashi a hawa na saba'in na wani babban kanti, inda masu hannu da shuni ke sauka daga motocinsu masu tashi, su tsaya kallon mutum yana ɗinki da hannu. Komai na kantin inji ke yi, har turaren da ke bin masu sayayya. Shi kaɗai ya rage mai aikin hannu, amma ko sannu manaja ba ya ce masa. Shayin da ake ajiye masa kullum a sanyaye yake, sai ka ce don ado. Ya nemi hutun kwana ɗaya ya je ya ga iyalinsa ya fi a ƙirga, kullum sai a ce gobe.

Yau sai ga Auta, 'yarsa, ta fito daga lifta. Har da furfura a goshinta, yarinyar da jiya-jiya ya ɗinka wa rigar makaranta. Ya ɗaga mata hannu. Ta kalle shi ido cikin ido, ta kau da kai, ta nufi teburin manaja.

Ransa ya yi mummunan ɓaci. Da wannan allurar ya ciyar da ita, yau kuma ita ce ke jin kunyarsa a gaban masu kuɗi. Ya miƙe ya daki gilashin.

“Auta! Ni za ki gani ki wuce?”

Ta daskare a tsaye, amma ba ta waiwayo ba. Manaja ya zaro wata tsohuwar takarda yana yi wa Auta bayani cikin sanyin murya, wai kowane ma'aikaci yana sa mata hannu ranar da aka ɗauke shi, ya ba kanti ikon amfani da hannunsa da muryarsa da fuskarsa. Baba Tela ya tuna da takardar. Ya sa hannu ne kawai, bai karanta ba.

Auta ta fizge takardar ta yayyaga, ta nuna ɗakin gilashin da yatsa.

“Ku kashe injin nan,” in ji ta. “Shekara ashirin ke nan da muka binne mahaifina.”