Ƙwaƙwalwar Asali ta Mushe Mainassara

Kwamfutar ta dawo daga gyara ta ƙara nauyi, kuma tun daga nan Mushe Mainassara (Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a Nijar) ya san an cuce shi.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana karantar da lissafi a Damagaram kafin ya ajiye alli ya biyo ɗiyarsa Ouma zuwa Sabha ta ƙasar Libiya, inda ita da mijinta ke da shagon wayoyi a unguwar Hajara. Ya zo da akwati guda da kwamfutar da ya saya tun 1993. A cikinta yake rubuta littafin lissafi da Hausa, da wata tsohuwar manhaja wadda ba ta aiki sai da umarnin tsohuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Babu baƙon da bai sha wa'azin wannan kwamfuta ba. Kafin ka gyara zama ta buɗe. Ba ta ƙara, ba ta zafi ko a tsakiyar bazarar hamadar Fezzan. Aikin mutanen dā kenan, in ji Mushe, ba tarkacen yanzu ba.

Ranar da kwamfutar ta mutu Ouma ba ta nan, ta tafi gida ganin dangi, don haka ya kai ta wurin Djamilou mai gyara a unguwar Manshiya. Djamilou ya kwance murfin, ya leƙa, ya ɗago ya dubi tsohon.

"Baba, akwai abin da ya kamata ka sani. Ƙwaƙwalwar zamani da ta dā ba umarni ɗaya suke ji ba. Amma akwai manhajar kwaikwayo, wadda ke fassara umarnin tsohuwa ga sabuwa, to wannan taka..."

"Rufe min baki! Ni da na kori yara sun fi ɗari daga ɗakin jarrabawa saboda kwafa, ni za ka kawo wa kwaikwayo? Na asali nake so."

Djamilou ya rufe bakin. Sati uku ya yi yana tonon tarkacen ofisoshi har garin Tamanhint.

Yanzu ga abin da ya dawo wa Mushe. Tana gurnani kamar injin markaɗe. Sai ya sha shayi kofi biyu kafin ta buɗe. Bayanta ya yi zafin da za a gasa gurasa. Littafin yana nan, ko waƙafi bai ɓata ba, amma wannan ba hujja ba ce. An sace masa ƙwaƙwalwar asali, an liƙa masa jabu.

Ya rubuta ƙara shafi huɗu, kowane laifi da lambarsa, ya kai wa Alhaji Idirisa shugaban 'yan Nijar. Buƙatarsa biyu: a maido masa da kayansa, a kuma kori Djamilou daga layin masu gyara. In ba haka ba, zai tafi wurin shurta, wato 'yan sanda. Kowa ya san takardun zaman Djamilou sun ƙare, kuma wanda shurta suka ɗauka a irin wannan hali sai dai a ji labarinsa a Agadas.

Aka zauna bayan la'asar a ƙofar gidan Alhaji, masu gyara sun yi cincirindo. Mushe ya karanta ƙararsa a tsaye, har ya tsaya ya gyara wa kansa wata jimla.

"Djamilou, ka cire wani abu a ciki?" in ji Alhaji.

"Na cire, Alhaji."

"Kun ji ko!" Mushe ya buga sandarsa. "Ɓarawo da bakinsa!"

"Abin da na saka masa na 1993 ne, lambar tana jiki, a duba. Wanda na cire kuma ga shi."

Ya ajiye wani ɗan allo a kan tabarma, bai fi sabulun wanka girma ba, da wata 'yar takarda manne a bayansa. Rubutun ya yi wa idon Mushe ƙanƙanta, sai Alhaji ya ɗauka ya karanta da ƙarfi, yadda na bayan layi ma za su ji.

"Tsohuwar ta ƙone tun Maris 2016, na saka wannan na kwaikwayo. Duk mai gyaran da ya gani, don girman Allah kada ya gaya wa Baba. Ouma."