Zomon da Bai San Kare Ba

"Ba zan buɗe ba, Kawu," in ji Hansatu, ta tare bakin kejin.

Tun da zomaye suka ƙare a daji, doka ta ce ba a farauta sai da na gandu, kuma ita ke kiwonsu tun da ta gama makaranta. Yau ce ranar farautar shekara. Manyan baƙi sun cika rumfa, karnuka na neman tsinke igiya.

Kawunta Ɗanjuma, Sarkin Dawa, ya buga sanda a ƙasa. "Ke 'yar boko! Da farautar nan kakanninki suka rayu!"

"Zomon kakannina yana da dajin da zai ɓuya. Waɗannan a hannuna suka girma. Wanda na saki bara ko gudu bai yi ba, wurin karen ya nufa yana shinshina masa hanci. Kuka yi tafi. Wannan ce jarumtar?"

"Ki buɗe, ko ki bar mini gida."

Ta haye kan kejin ta zauna. Rana ta dake ta, ƙishirwa ta gallabe ta, ba ta motsa ba har baƙi suka gaji suka watse.

Zomayen sun kwana da rai. Ita kuwa ta rasa aikinta, ta rasa ɗakinta, kuma har yau Kawu ba ya amsa gaisuwarta.