Mai Wannan Hoton

Ranar da Zinatu ta fara ganin Aghali, "kai" ya ce mata.

"Kai, cire abin wuyan nan, ka tsaya can."

Ta waiwaya ko akwai namiji a bayanta. Babu kowa sai injin ɗaukar hoton ƙirji, wanda duk mai neman aiki a asibitin sai ya tsaya gabansa. Zoben azurfar marigayiya innarta ne rataye a zare, ta ce ko lokotoro, babban likitan asibitin, ya zo da kansa ba ta cire shi. Ya yi dariya cikin rawaninsa, ya ce to ta tura shi kan kafaɗa. Shekara uku tana gyara masa Hausar nan tasa ta Abzin, bai gyaru ba.

Aikin shara aka ɗauke ta. Shi kuwa shi ke gyaran injunan asibitin, tun lokacin da fari ya cinye raƙuman gidansu a Gougaram ya koyi aikin a hannun wani Bature. Ya lura tana daɗewa wurin sharar ɗakin aikinsa, idonta na kan zanen wayoyin da ke manne a bango. Wata rana ya miƙa mata sukurdireba. Kafin shekara biyu tana buɗe injin numfashi ta mayar da shi ba tare da ƙusa ɗaya ta yi saura ba.

Sai garin Arlit, da ke rayuwa da haƙar yuraniyom, ya fara mutuwa. Farashin yuraniyom ya faɗi, aka sallami ma'aikata, motocin da ke kwasarsu da safe suka koma tafiya rabi babu kowa. Turawan kamfanin haƙar suka tattara suka tafi. 'Yan tawaye suka tare hanyar Agadez, mota ba ta fita sai cikin ayari da rakiyar soja. A kasuwa sojoji na tsintar masu rawani irin na Aghali da zargin tawaye, wasu su dawo, wasu shiru. Kayan gyara suka daina zuwa, tari kuwa ya yi yawa a Arlit har ba a juyowa a dubi mai yin sa. Ita ma tana yi, tun tana yarinya mai wanke wa babanta kayan aikin ramin yuraniyom.

A cikin wannan halin ne ya fara fito da wani hoto guda daga aljihun tebur. Ya ce na gwaji ne, da shi zai koya mata karatun hoto. Yakan ɗaga shi gaban fitila, babban yatsansa a kan kusurwar sama, ya nuna mata wani farin tabo a huhun hagu.

"Na wa ne?"

"Wani ne. Mai wannan hoton, in bai bar garin nan ba, ba ya ganin damina biyu."

"Ya sani?"

"Bai sani ba tukuna. Taurin kai gare shi."

Bai dube ta ba da ya faɗa. Ta dubi yatsunsa da suka rame, ta tuna kwana nawa ke nan yana mayar da abincin rana bai taɓa ba. Rawani ya rufe fuskarsa, amma ba ya rufe idon mutum. Ta ce a ranta hoton nasa ne, ta koma gida ta yi kuka a bayan randa.

Da takarda ta zo daga wata makaranta a Dakar, gurbi ɗaya na koyon injiniyancin kayan asibiti, kowa ya san na Aghali ne. Shekara shida yana rubuta musu. Ya je ofis ya sa aka rubuta sunan Zinatu.

"Mi na yi maka da za ka kore ni?" ta ce.

"Mai rawani ba ya wuce shingen soja yanzu. Kai kana wucewa."

"Ke ake cewa, Malam Aghali. Ke."

"To, ke. Ka tafi."

Ta san ba shingen ba ne. Mutumin da bai da damina biyu ba ya karɓar karatun shekara huɗu. In ta tafi, ƙila ba ta tarar da shi. In ta zauna, babu wanda zai kai hotonsa inda ake da magani. Domin ya ba ta shi cikin ambulan, liƙe, da sunan wani lokotoron huhu a Yamai. Ya ce kada ta aiki kowa, ta kai da kanta, ta zauna har ya gama dubawa, duk abin da ya ce ta yi ta yi.

Da hantsi ayarin ya yi layi a tasha. Sojoji suna zazzage kaya a ƙasa, sun ja igiya tsakanin matafiya da masu rakiya. Aghali ya tsaya can baya, inda ido ba zai sauka kansa ba. Shekara uku tana riƙe da magana a bakinta. Ta ɗaga murya gaban soja da direbobi da matan da ke sayar da dabino:

"Aghali! Zan dawo. Ko kwana nawa ya rage maka, wallahi a ɗakinka zan yi su!"

Ya ja rawanin ya rufe har ido.

"Wannan fa, me ke ciki?" in ji sojan da ke binciken jakarta. Ya yage ambulan ɗin, ya riƙe hoton ta ƙasa, ya ɗaga shi ga rana.

A kusurwar sama, inda babban yatsan Aghali ya saba zama, ga farar da'irar zoben innarta a kan kafaɗa, inda ta tura shi ranar farko.