Faifan da Aka Bar wa Ɗalibin Likita

Tunda ka ce zuciyarka ta rabu gida biyu, ga wani misali ka auna da kanka.

An yi wani ɗalibin likitanci a wani asibitin koyarwa, saura ƙiris ya gama, sai sha'awar karatun kasuwanci ta shige shi. Ba mugun nufi ba ne. Ya gaji da ganin ana neman safar hannu a rasa, injin awo na kwance ƙura ta rufe shi, har ya ce a ransa ciwon asibitin nan na rashin iya tafiyarwa ne. Sai ya nemi gurbi a wata makarantar kasuwanci da ta yi suna. Suka ce ya kawo shaidar malamin da ya san aikinsa. Malamin kuwa shi ne farfesan da ke kula da ɗakin mata, ya kuma yi masa alkawarin shaidar in sun gama zamansu a ɗakin.

A al'adar wurin, akan ba kowane ɗalibi marar lafiya guda ta zama tasa. Ya duba ta da safe, in farfesa ya fito zagaye ya tsaya gaban 'yan ajinsu ya faɗi yadda ta kwana. Tasa wata tsohuwa ce mai ciwon suga, da gyambo a ƙafar hagu, gadonta a bakin taga. Tun ranar farko ta raɗa masa "angona", irin wasan kaka da jika. Yana wanke mata gyambo tana saƙar faifai da kabar da 'yarta ta kawo mata, tana tsokanarsa da wata 'yar ajinsu marar yawan magana, wadda kullum ita ke riƙe masa tiren auduga. Tsohuwar ce ta fara hango abin da su biyun ba su taɓa furtawa ba. Har a rubutun da ya aika wa makarantar kasuwancin labarin tsohuwar ya bayar, ya ce a bakin gadonta ya koyi darajar ɗan Adam.

Da lokacin ganawarsa ta bidiyo a waya da malaman makarantar ya matso, sai ƙafarsa ta ɗauke daga ɗakin mata. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Yana ɗakinsa yana haddar zancen jari da riba, yana gwada murmushi a madubi. 'Yar ajin nan ta kira shi, ya ga kiran ya kife wayar don kada ta katse masa bita. Ranar ganawa kuwa ta faɗo daidai da ranar zagaye. Yana gamawa ya zura farar riga ya taho da gudu, ya tarar an iso gadon bakin taga, an ja labule nas na gyara shimfiɗa. Farfesa ya dube shi. Da ya ce bai samu zuwa ba, faɗa kawai zai sha a wuce wurin. Amma bakinsa bai huce daga ganawar ba, inda ya kwashe safiya yana amsa kowace tambaya ba gargada. Sai ya gyara tsayuwa ya ce ya duba ta da safen nan, ta kwana lafiya, suga ya daidaita, gyambon ma ya fara kamewa daga gefe. Ya ga 'yar ajin tasu ta sunkuyar da kai, bai gane dalili ba sai da nas ta yaye labule. Wata matashiya ce zaune a gadon, ƙafafunta biyu sumul, da jan lalle. An sallami tsohuwar tun shekaranjiya.

Babu wanda ya yi dariya, da sun yi ma da ya fi masa sauƙi. Farfesa bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ba na ƙin karatun da kake nema, asibitin nan na bukatar masu irinsa. Amma za su tambaye ni ko maganarka abin riƙewa ce. Me kake so in ce musu?" Ya wuce gado na gaba, aji ya bi shi. Ɗalibin ya tsaya nan, farar rigar ta yi masa nauyi kamar an jiƙa ta, matashiyar na kallonsa tana jiran ya tambaye ta jiki.

Bayan an tashi, 'yar ajin ta same shi a baranda. Ta ciro faifai daga jakarta, saƙa mai kyau da ratsin ja a baki, ta miƙa masa ba ta dube shi ba. "A nan tsohuwar ta zauna tana jiranka har direban motar garinsu ya fara fushi," in ji ta. "Ta ce a ba angonta, ya ajiye wa amarya." Ta juya ta tafi.

Bai iya komawa wurin farfesa neman shaida ba, gurbin makarantar ya wuce shi. Zaman ɗakin mata kuma aka ce ya maimaita, 'yan ajinsu suka yi gaba, har da ita. Faifan yana rataye a bangon ɗakinsa, ya kasa cirewa, ya kasa kallo. Kowanne cikin karatun nan biyu abin alheri ne, haɗa su baki ɗaya ne ya kai shi ga ƙarya. Shi ya sa Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa.