Ƙofa 'Yar Turkiyya

Hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, jikar wani tsoho na tari a ciki, makullin kuma yana jakar uwarta can kasuwar Sabon Tasha.

Ƙofar ƙarfe ce 'yar Turkiyya. Kullum tsohon yakan cika baki: "Jikokin maginan masallatan Istanbul suka ƙera ta, ɓarawo sai dai kallo."

Yau ya daka har guduma ta karye, ƙofar ko gezau. Tarin ma ya ɗauke.

"Baba, matsa," in ji birkilan unguwa. "Ka manta kai ka sa na rage siminti a ginin bangon nan?"

Ya tokari bangon, bulo ya zube kamar gari. Tsohon ya jawo jikarsa ta ramin, da sauran numfashinta.

Ƙofar na nan tsaye, ko ƙwarzane babu.